Ɗan Keken Kantin Zailani

A duk Kwanar Dangora, kantin Zailani ne kaɗai ke da ɗan keken zuba kaya na yara. A wani babban kanti a Kano ya gani, ya dawo ya sa mai walda ya ƙera masa da kwandon waya da tayoyi huɗu. Yara kuwa kamar su yi dambe a kansa.

Duk Laraba sai Tasalla ta fito daga ruga, in ta gama tallar nono ta biya gidan Malam Sabo, malamin firamare, ta roƙi matarsa Saude aron 'yarsu Baturiya, wai ta taya ta ɗaukar sabulu. Yarinya 'yar shekara huɗu, me za ta ɗauka? Saude dai ba ta taɓa hanawa ba.

Abin da ke ba Zailani haushi, matar nan ko hannun yarinyar ba ta riƙewa, ko sunanta ba ta kira, sai "ke". Baturiya na tura keke tana ƙyalƙyala dariya, ita kuwa ta kau da kai tana jujjuya gwangwanin da ba saya za ta yi ba.

Ranar nan sun daɗe fiye da kullum. An yi wa Malam Sabo canjin wurin aiki zuwa Gumel, gobe mota za ta kwashe su. Tasalla ta bar yarinyar ta zaga kantin sau biyar, sau shida, don ta san daga yau shi ke nan.

Sai taya ta maƙale, Baturiya ta kife, leɓe ya fashe. Tasalla ta yunƙura, ta ga idon mutane, ta tsaya cak. Zailani ne ya ɗauki yarinyar, ya dubi Tasalla ya ce:

"Haba baiwar Allah! Wannan wace irin zuciya ce? Bari dai Allah Ya ba ki naki, za ki san zafi."

Tasalla ta mayar da yarinyar gida, Saude ta karɓa tana lallashi. Baturiya ta ɗaga hannu da guntun hawayenta: "Sai Laraba, Yaya Tasalla!"

Tasalla ta ɗora ƙwarya ta kama hanyar ruga ita kaɗai. Sai da ta wuce gonar ƙarshe, ta waiga ba kowa, sannan ta fashe da kuka, ta kira sunan da kunyar 'yar fari ta hana ta faɗa tun ranar da ta haifi yarinyar, har bayan da ta yaye ta ta miƙa wa Saude, ƙanwar mijinta, riƙo.