Rabin Jinin da ke Jikin Hula

A ɗakin bincike, Uwar Ɓarna ake ce mata, don ɓarna ake biyan ta ta yi. Sai ta ɗiga jininta a ƙyalle, ta shanya a rana, ta jiƙa shi a ruwan kwata, ta gasa, sannan ta miƙa wa na'ura a ga ko DNA ɗin ciki, wato shaidar da ke nuna mai jinin, zai karantu.

Duk wannan wahala saboda wata hular ulu ce. 'Yan sanda suka tsinto ta a kwata, bayan shagon da aka kashe maigadi. Kafin maigadin ya faɗi ya fasa wa ɓarawon kai, amma rana da ruwa sun cinye jinin da ke jikin hular, na'ura ta kasa cewa komai. Farfesa, shugaban ɗakin, ya ce a yi ta lalata ƙyalle irin na hular har a gano dabarar karanta lalataccen jini. Ita ta kawo ulun gwaji daga gida. Ya yi daidai har launi, Farfesa ya yaba mata ido.

Ita kuwa fatanta ɗaya, jinin ya yi shiru. Ta ƙara wuta, ya karantu. Ta ƙara sabulu, ya karantu. Farfesa na tsaye a kanta kamar mai jiran tukunya, yana murna, yana cewa hannunta akwai albarka. Ta nemi hutu, ya hana. Ɗakin ko taga babu. In ta tashi aiki, bandeji take saya ta wuce gida.

Ranar da aka sa hular gaske a na'ura, safar hannu ninki biyu ta saka. Sakamako ya fito tas. Farfesa ya duba, ya sake dubawa, ya kwashe da dariya.

"Uwar Ɓarna, yau kin yi sunanki. Kin taɓa hular nan. Rabin abin da ke ciki naki ne."

Ya ce ba komai, gobe wani zai maimaita, ita ta tsaya daga waje.

Ta san goben ma rabi zai fito, don rabin jinin ɗa na uwarsa ne; ba ta taɓa hular ba tun ranar da ta gama saƙa ta ta ɗora wa ɗanta a ka.