Telan da Ya Koma Kogi da Ciwon Agara

Zauna, Sallau, ka ɗora ƙafar nan taka mai ciwo a kan kujera, in ba ka wani misali.

A wani gari na bakin kogi an yi wani tela mai gudun dogon zango. Kullum bayan sallar asuba sai ya zagaye garin sau biyu kafin ya buɗe shago. Saura wata uku a yi tseren da za a zaɓi mutum uku su wakilci jiha, sai agararsa ta dama ta kumbura, har taka keken ɗinki ya gagare shi. Shekararsa talatin da huɗu, ya san in wannan dama ta wuce shi, ba wata kuma. Likita ya ce kada ya yi gudu sai bayan mako takwas. Ya daure kwana tara, ran na goma ya saci jiki ya fita, sai a bayan babur aka dawo da shi. Kawunsa, wani tsohon masunci, ya zo dubiya, ya tarar da shi ya haɗa kai da gwiwa, yana cewa kafin ƙafar ta warke ƙarfin numfashinsa ya gama zubewa. Tsohon ya ce, “Kai ɗan nan, ƙasa ce ke dukan ƙafarka. Ruwa ba ya duka. Gobe ka same ni a bakin kogi.”

Telan nan bai iya iyo ba. Makon farko gora aka ba shi ya rungume, yana ta shan ruwa yana tari, mata masu wanki suna ƙunshe dariya. Abokan gudunsa in sun biyo ta kan gada sai su leƙo, su ce ai wannan ya sallama. Shi dai ya ci gaba da koyon iyonsa. A mako na uku ya ajiye gora, ya riƙa bin kwalekwalen kawun zuwa wani tsibirin yashi ya dawo, hannuwa na aiki, ƙirji na buɗewa, ƙafar na biye ba nauyi a kanta. Da likita ya ba shi izini bai yi gaggawa ba. Ya fara da tafiya, sannan sassarfa, ranar ƙasa daban, ranar ruwa daban. Ran tsere bai zo na ɗaya ba. Amma a hawan ƙarshe, inda samari ke dafe ciki suna haki, shi numfashinsa na nan daram. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, ya zo na uku, ya tafi da tutar jiharsa.

Duk wanda ya gan shi cikin ruwa ya ɗauka ya bar fage ne. Hausawa kuwa sun riga sun faɗa: ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.