Kwaɗon da Ya Riga Masunci Shiga Ruwa

Ka ɗauki misalin wani masunci da ya tashi a bakin babban kogi. Ya yi iyo inda kada ke kwana, dorina ta taɓa kifar masa da kwale-kwale ya fito da ƙafarsa. Da kifin kogi ya ja baya, sai ya nemi aiki a gonar kifi, inda ake kiwon tarwaɗa a kwamin siminti, ruwan ko cinyarsa bai kai ba. Mai gonar ya ba shi takalmin roba, ya nuna masa makunnin injin da ke zuƙar ruwa, ya ce kada ya kuskura ya sa ƙafa a kwami sai ya kashe wuta. Gogan naka ya yi dariya har da riƙe ciki. Wanda ya gagari kogi ne ruwan wanka zai ba tsoro? Takalmin ya rataye shi a ƙusa, makunnin kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Ya yi ta shiga yana fita lafiya, abin da ya ƙara ɗaure masa gindi ke nan.

Ran nan da safe ya zo ba kifin abinci. Tarwaɗa dai ka san halinsu, da sun ji takun mai abinci sai ruwa ya hau tafasa. Amma ranar tsit kake ji. Ya watsa abinci ba wanda ya taso, sai wasu can kusa da injin sun juya ciki sama. Ruwa ba ya tsami banza, amma shi hankalinsa na kan ya kwashe matattun kafin mai gona ya iso. Ya naɗe wando, ya ɗaga ƙafa. Motsin nan ya firgita wani kwaɗo da ke laɓe a bakin kwamin, ya daka tsalle ya riga shi faɗawa. Ko iyo ɗaya bai yi ba. Nan take ya miƙe ƙafafu ya sandare, ya taso kamar busasshen ganye.

Masunci ya tsaya da ƙafa a sama, tsikar jikinsa ta tashi, tsoron da kogi bai taɓa ba shi ba ya kama shi. Ya ja da baya a hankali, ya kashe wuta, ya jawo injin. Ashe ɓera ne ya gwaigwaye wayar, ga ta nan tsirara kwance cikin ruwa. Ya zauna daɓas a ƙasa, bakinsa ba abin da yake fitarwa sai, "Ikon Allah! Ikon Allah!" Tsakaninsa da lahira taki ɗaya, Ubangiji ya aiko kwaɗo ya yi masa takin. Ya tsamo kwaɗon ya tona rami ya binne shi, sannan ya je ya sauke takalmin nan daga ƙusa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.