Dorinar Malam Ɗahiru

Dorinar ta sauka a kan tebur da ƙarar da ta sa 'yan aji biyar suka zabura, har Safiya ta saki bironta.

"Haka ake yi wa wanda bai cika kwandonsa da roba ba a Kwango," in ji Malam Ɗahiru. "Masana'antun Turai na jiran robar yin taya, baƙar fata na biya da fatar bayansa."

Babu malamin tarihin da ya kama ƙafarsa a makarantar nan ta Ƙofar Kabuga. Wasu karatun littafi suke yi yara na gyangyaɗi, shi kuwa sai ya zana mutum a allo da hannunsa na hagu, ya nuna inda ake fara tsagawa. Kowa ya san a wani gidan tsare mutane ya ƙarar da shekarun mulkin soja, sai da farar hula suka karɓi mulki ya dawo Dala, a rame, kafaɗa na ciwo. Yara na tausayinsa, ba mai tambaya, shi ma bai taɓa cewa uffan ba.

Yau kuwa ranar gwaji ce. Sabuwar gwamnati ta turo mai duba malamai, Alhaji Garba, wani dattijo mai ɗingishi, ga shi can a bencin baya. Abin da ya faɗa shi zai sa a tabbatar da Ɗahiru a aiki ko a sallame shi, kuma ba shi da wata sana'ar da zai koma.

Sai Ɗahiru ya zage, har da abin da babu a littafi. Ana tuɓe mutum, a ɗaure shi fuska ga bango, a jiƙa dorina a bokitin ruwan gishiri. Ba a gaggawa, ya ce, ana jira jiki ya saki, sannan a sake tsaga inda aka tsaga. In ya suma a sheƙa masa ruwa a ci gaba. Wata yarinya ta fice tana toshe baki.

Alhaji Garba bai motsa ba, gumi kawai yake yi. Da aka tashi, ya jira aji ya watse, ya tura ƙofa.

"Malam, darasi ya yi kyau. Ni ma an tsare ni zamanin soja, amma sai yau na san da bokitin nan. Mu bango kawai muke gani."

Ɗahiru ya ƙare masa kallo. Bai san fuskar ba sam, hankalinsa ya kwanta, har ya fara murmushi.

Dattijon ya juya masa baya, ya yaye rigarsa har wuya. Tabo ne a jere, kowanne ya gangaro daga kafaɗar hagu zuwa ƙugun dama, dukan bahago.

A gidan tsare mutanen nan Ɗahiru bai taɓa riƙe fuskar kowa ba, amma aikin hannunsa ko a ina ya gan shi zai gane shi.