Mai Gadin Nama

Ƙatuwar barewar da muka harbe ta fi ƙarfin bayanmu, ni da Baba, ga mota can gindin duwatsun Idaho, a Amurka. Dole muka rataye cinyoyin a bishiya, sai mun dawo.

Maharba kan bar riga mai gumi jikin nama, warin mutum ya kori kyarketai.

"Tsoho, tuɓe taka," na ce. "Warinka ko kyarkeci mai mura sai ya canja daji."

Bai yi dariya ba. Ya zaro rigar yayana daga jaka, rigar da Mama ta hana wankewa tun rasuwarsa bara. Ya shinshina, ya ɗaura ta jikin naman.

"Baba, hadari ya haɗo. Ruwa zai wanke ta."

"Na sani," ya ce, ya saɓa kayansa. "Ai kullum yayanka ke tsayawa gadi."