Gurbin Haƙori

"Bawan Allah, ina ramukan da ke kanta?" matar gidan ta tambaye ni, tana duba zanena.

Gwamnati ce ta turo ni ƙauyukan Pensilbaniya ta Amurka in zana tsofaffin 'yan tsanan katako kafin su ɓace. Wannan 'yar tsanar, kakan matar ne ya sassaƙa ta, ni kuwa na gyara mata kai sumul a takarda.

"Lalacewa ce, uwar gida. Wa zai so gani?"

Ta riƙe rigata gam. Ƙanƙara na zuba, kujerun gidan duk sun ƙare a murhu, jaririnta sai tari yake.

"Yau 'yar tsanar ma wuta za ta shiga. Don Allah mayar da ramukan a zanen. Gurbin haƙoran 'yata ne, bara na binne ta. Ko hotonta ba ni da shi."