Ranar Ɗanɗana Gyaɗa

"Mama, wai da gaske ruɓaɓɓen abinci kike kiwo a wurin aiki?"

Dariya ta ƙwace wa uwar, ta ɗaga 'yar sama ta juya da ita, ko gama cire takalmi uwar ba ta yi ba, ɗaya a ƙafa, ɗaya a bakin ƙofa. Da gaske ne. Tun tana da cikin yarinyar take leƙen fumfuna a ɗakin gwaji, irin wadda ke ɓuya cikin gyaɗa tana zuba gubar da ke cin hantar yara a hankali. Abin da ta gani ya sa ta haramta wa gyaɗa shiga gidanta. Yau kuwa sakamako ya fito: gyaɗar gonar gwajinta babu ɗigon guba.

Ta soya kaɗan, ta kira maigida da surukarta su shaida.

"Buɗe hannu, 'yar lele. Wannan ita ake kira gyaɗa."

Yarinyar ta murje ta a tafi, ta hure ɓawon da gwaninta, ta watsa a baki. Sai ta yamutsa fuska.

"Ba gishiri. Ta Kaka ta fi daɗi."

Maigida ya sunkuya yana neman abin da bai yar ba. Kaka ta tura jakarta ƙarƙashin kujera da diddige.

"Ai tsince masu kyau nake yi," in ji ta.

Ke mai karatu, gubar nan ido ba ya ganinta. Kafin ki binciki gonar kowa, fara zazzage jakar kaka.